Idan Karenka Ya Yi Cizo Aka Ce Sai An Kashe Shi

Ranar da Duna ya ciji ɗan maƙwabcina, ruwan watan Agusta ya riga ya rushe mana kusurwar katanga da kwana uku, ni kuma kullum ina cewa gobe zan kira magini. Bayan la'asar ƙwallon yara ta faɗo cikin gida, yaron mai shekara tara ya tsallako ta inda ya zube don ya ɗauka. Duna yana kwance a gindin gwaiba, kusa da ɗakin kaji. Haƙoransa biyu suka nutse a sha-raɓar yaron. Kafin in zura takalmi in fito, ƙofar gidana ta cika da samari, wasu da gora, wasu da duwatsu, ɗaya har da adda.

Yau Duna yana nan da ransa, yaron ya warke sumul, ni da mahaifinsa muna sahu ɗaya a masallacin unguwarmu nan bayan Mando a Kaduna. Amma kafin mu kai nan sai da muka bi ta asibiti, caji ofis, zaman kotu biyu da zauren mai unguwa. Tun daga lokacin mutum uku sun zo har gida suna tambayata yadda na yi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ka fara da wanda aka ciza, ka bar kare tukuna. A ranar maiɗakina ce ta ja Duna ta kulle shi a sito inda muke ajiye abincin kaji, ta zare makullin ta ɗaure a bakin zane. Ni kuma na sungumi yaron zuwa bakin famfo. Ka samu sabulu, kowane iri, ka wanke ciwon da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. Ka duba agogo, don minti 15 da yaro yana tsala ihu a hannunka jinsa za ka yi kamar yini guda. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit. Kada a bari wani ya barbaɗa toka ko barkono, ko ya ɗaure wurin tamau da tsumma. Mahaifiyar yaron tana tsaye a kaina tana kuka, na ce mata, "Maman yara, ki riƙe min ƙafarsa, ki bar ni in wanke, daga nan asibiti za mu." Samarin da ke waje da suka ga mun fito da yaro a kafaɗa ana neman Keke, rabinsu suka watse, wasu ma suka bi mu.

A asibiti ka faɗi gaskiya: karenka ne, ga lokacin da ya yi cizon, ga katin rigakafinsa. A fara yi wa wanda aka ciza allurar haukan kare a ranar, kada a ce sai an ga yadda karen zai yi. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, likita zai rubuta ranakun a kati. Idan ciwon ya yi zurfi, akwai wata ta musamman da ake yi a cikin ciwon da kewayensa, ga kuma ta tetanus. Kai ne za ka biya, kuma kada ka jira a roƙe ka. Kowace takardar biyan kuɗi ka karɓa ka adana, har ta kantin magani. Ka riƙa zuwa da kanka ranar kowace allura. Ni da babur nake zuwa in ɗauki yaron da yayansa.

Ina nanata wannan ne domin tsoron da ke zuciyar mutane gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar takan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye a jikin mutum, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to kusan babu mai tashi. Uban da yake cewa a kashe karenka wannan yake gani a gabansa. Ka ɗauke shi a matsayin mai tsoro kafin ka ɗauke shi a matsayin abokin gaba.

To ga hujjar da za ka tsaya a kanta, kuma ita ce ta ceci Duna. Kare ba ya yaɗa cutar ta miyau sai ya kusa nuna alamu, kuma da ya nuna, cikin 'yan kwanaki yake mutuwa. Shi ya sa likitoci suka ce a killace karen da ya yi cizo a sa masa ido kwana 10, wasu sukan ƙara zuwa 14. In ya cika kwanakin yana ci yana sha yana kaɗa wutsiya, to ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Ke nan rayayyen kare shaida ne, kuma wanda ya fi kowa buƙatar wannan shaidar shi ne wanda aka ciza. In an rotse masa kai da gora aka jefar a kwata, iyayen yaro za su yi watanni suna kallon ɗansu, ko zazzaɓi ya yi sai gabansu ya faɗi.

Haka na faɗa wa mai unguwa da daddare, bayan mun dawo daga asibiti. Ban jira an kira ni ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, karena ya yi ɓarna, laifina ne da ban gyara katanga ba. Na ɗauki nauyin magani duka. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar shi a kulle kwana goma likita yana duba shi, don mu san halin da yaron yake ciki." Ya yi shiru, sannan ya aika aka kira shugaban 'yan sintiri ya ce masa kada wanda ya taɓa ƙofar gidana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya tsaya a ƙofar gida yana cewa ai yaron ne ya haura, ko da gaskiyarsa, a daren nan zai rasa karensa.

Washegari da sassafe ka nemo likitan dabbobi, na gaske mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ba mai sayar da maganin kaji ba. In na gwamnati ne ya fi, don takardarsa ta fi nauyi a gaban hukuma. A Kaduna akwai asibitin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya in abin ya yi tsanani. Ka roƙe shi ya rubuta abin da ya gani a ranar farko, ya sa hannu da hatimi da kwanan wata, ya dawo a tsakiya, ya dawo ranar ƙarshe ya sake rubutawa. Ni na ƙara da ɗaukar bidiyon Duna a waya kowace safiya yana shan ruwa yana cin abinci, ina faɗin ranar da bakina. Cikin kwanakin nan kada ya fita ko nan da can, kada yara su kusance shi, mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci.

Kada kuma ka gudu da shi. Wani abokina ya ba ni shawara in kai shi ƙauye cikin dare in ce ya ɓace. Da na yi haka da na zama maƙaryaci a gaban mai unguwa da alƙali, kuma da na hana yaron shaidar da yake buƙata.

Dole in faɗi ɗaya gefen. In cikin kwanakin nan kare ya sauya hali, ya fara dalalar da miyau, yana cizon ƙarfe ko itace ko duk abin da ya samu, muryarsa ta sauya, muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafunsa na baya suka mutu, to shari'a ta ƙare, babu lauyan da zai amfane ka. Ka kira likita ya kawo ƙarshensa da allura ba tare da azaba ba. Kada a dake shi a ka, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa, kuma likitan ya san yadda zai aika samfurin zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Kada a feɗe shi, kada a sayar wa masu cin nama. Duk wanda ya taɓa miyansa da ciwo a hannu ya tafi asibiti. Ina son Duna, amma da na ga ɗaya daga waɗannan alamu da ni zan fara buga wa likita waya.

A kwana na huɗu mahaifin yaron ya dawo daga tafiya, zuciyarsa ta hau, wasu dangi kuma suka ƙara masa wuta. Aka kai ƙara caji ofis. In aka kira ka, ka je da kanka, da wuri, tare da wani dattijo ko lauya. Ka tafi da kwafin katin rigakafi, takardun asibiti da takardar likitan dabbobi, ainihin takardun kuma ka bar su a gida. Wajen rubuta jawabi ka taƙaita: yaushe, a ina, me ka yi bayan nan. Kada ka ce "dama yakan yi haka," ko "na sha gaya musu." Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, in ba ka jin Turanci ka ce a fassara maka. Doka ta hana a kama matarka ko ɗanka a madadinka, kuma beli kyauta ne a rubuce. In aka ce za a zo a ɗauki karen ko a harbe shi, cikin ladabi ka nuna takardar likita cewa yana killace, ka tambaya ko akwai umarnin kotu a rubuce. In kuma hukuma ta ɗauke shi, ka tabbata an rubuta inda za a kai shi da wanda ya karɓa, kai kuma ka riƙa kai abinci.

Dalilin da ya sa na ce ka kiyaye bakinka sai daga baya lauyana ya fayyace min. A shari'ar diyya da muka gada daga Ingila, babbar tambaya ita ce ko mai kare ya san karensa yana da halin cizon mutane kafin ranar. In ya taɓa cizon wani, ko ya taɓa kai hari aka gaya maka, to kana da sani, kuma ba ka da mafita mai sauƙi. Ya ba ni misalin wata shari'a ta Najeriya, ta Daryani da Njoku a 1965, inda karen ya taɓa cizon 'yar aikin gida aka gaya wa matar gidan, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne. Don haka ka tambayi iyalinka da yaran gidanka tun kafin ka buɗe baki a waje, ko an taɓa kawo musu ƙorafi ba ka nan. Ba cewa nake ka ɓoye gaskiya ba. Cewa nake ka san gaskiyar, kada ka yi wa kanka ƙarin gishiri don tsoro. Ko da kuwa bai taɓa cizo ba, ana iya kama ka da sakaci, kamar ni da katangata. Ta ɓangaren laifi kuma, dokar Final Kod ta Arewa ta daɗe tana hukunta wanda ya yi sakaci da dabbarsa har ta zama haɗari ga mutane, kamar yadda take hukunta zaluntar dabba. Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, lauya zai nuna maka sashen da ya shafe ka.

Kada ka dogara da cewa kare dukiyarka ce ba wanda ya isa ya taɓa. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya kare dukiya, amma a cikinsa an cire wadda take da haɗari ko take cutar da lafiyar mutane da dabbobi. Sannan dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 2022 ta ba likitocin gwamnati iko a kan dabbar da ake zargi da cuta. Abin da ya fi maka amfani shi ne sashe na 36 na tsarin mulki, haƙƙin a saurare ka kafin a yanke hukunci.

Sammaci ya zo min daga kotun majistare bayan kwana goman sun cika. Kada ka ƙi zuwa ko sau ɗaya, don hukuncin da aka yi a bayan idonka ya fi wuyar warwarewa. Ka ɗauki lauya. In ba ka da hali, ka je ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta ƙasa ka ji ko za su karɓi irin ƙararka. Lauyan mai ƙara ya roƙi abu biyu, diyya da kuma a kashe karen domin haɗari ne ga unguwa. Nawa lauyan bai ɓata lokaci yana rantsuwa cewa Duna salihi ne ba. Ya ajiye wa alƙali abubuwa a gabansa: katin rigakafi na shekara uku a jere, takardar likita ta ranar farko da ta ƙarshe, takardun kuɗin asibiti, hoton katanga kafin gyara da bayan gyara, hoton kejin ƙarfe da na sa aka ƙera da ƙofa biyu, da takunkumin baki da na saya. Ya ce akwai shaidu biyu daga maƙwabta da za su faɗi cewa shekara huɗu Duna bai taɓa fita titi ya bi kowa ba, ɗayansu mai shagon da ke kallon ƙofata. Alƙali ba soyayyarka da kare yake son ji ba. So yake ya tabbata in ya bar shi da rai, ba za a sake kawo masa wani yaro da jini a ƙafa ba. Ka ba shi sharuɗɗan da zai iya rubutawa: a kulle da rana, takunkumi da sarƙa in za a fita da shi, rigakafi duk shekara, a fiɗiye shi in likita ya ga dacewa, ko a mayar da shi gona nesa da gidaje.

A ƙasar Birtaniya ma, a ƙarƙashin dokarsu ta karnuka masu haɗari ta 1991, kotu takan ba da irin wannan hukunci, a ce an ɗage kisa muddin mai kare ya cika sharuɗɗa. Amma can har da jinsin kare suke hukuntawa. Akwai wani kare mai suna Lennox a birnin Belfast da hukuma ta kama a 2010 bisa cewa jinsin da aka haramta ne. Masu shi suka yi ta ɗaukaka ƙara, mutane daga ƙasashe da dama suka sa baki, amma a watan Yulin 2012 aka yi masa allurar mutuwa, bayan ya shafe shekara biyu a tsare. Na karanta labarin a kwanakin da nake jiran zaman kotu, kuma shi ya sa na ƙudurta cewa ba zan bari maganata ta yi tsawo ba. Shari'a saɓanin hankali ce, kuma kare ba ya jure dogon ɗauri.

In hukunci ya faɗo maka a ka, kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: shigar da ɗaukaka ƙara shi kaɗai ba ya tsayar da hukunci. Lauyanka ya nemi umarnin dakatar da aiwatarwa a ranar, kada ya bari sai mako mai zuwa, sannan a kai kwafin umarnin hannu da hannu ga duk wanda karen yake wurinsa. Kuɗi in an biya bisa kuskure ana dawo da su, kare in an kashe shi ke nan.

Mu ba mu kai can ba. A zama na biyu alƙali ya tambaya ko maƙwabta ne mu, aka ce katanga ɗaya ta raba mu, ya ɗage zaman ya ce mu je mu gwada sulhu. Akwai cibiyar sulhu a Kaduna ga wanda ya fi son can, mu dai zauren mai unguwa muka koma, da liman da dattawa biyu.

A nan ne maganar addini ta taso, kuma ka shirya mata. Kawun yaron ya kawo hadisin dabbobi biyar da aka halatta kashewa, cikinsu har da kare mai cizo. Hadisi ne ingantacce, ban yi musu ba. Liman ne ya ce abin dubawa shi ne ko wannan karen ya zama mai farautar mutane, ko kuwa mai gadi ne da aka faɗo masa a wurin gadinsa. Ya tuna mana cewa an yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da gona, ya tuna mana mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sannan ya juyo kaina, bai sassauta ba. Ya ce, "Malam, haƙƙin maƙwabci ya fi karenka. Yau an gargaɗe ka a gaban shaidu. In ya sake, babu mai roƙa maka, kuma duk abin da ya ɓata a wuyanka yake." Na ce na ji na karɓa.

Mahaifin yaron bai ce komai ba sai da aka miƙa masa takardar likita ta kwana na goma, aka karanta masa da Hausa. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wato yaron ba abin da zai same shi?" Aka ce da yardar Allah babu, ga shi kuma ya gama alluransa. Ya sauke numfashi, ya ce shi dama abin da ya hana shi barci ke nan.

Kada ku tashi da sulhun baki. Mun rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya: abin da na biya da abin da ya rage, sharuɗɗan tsare Duna, da cewa in ya sake cizon wani zan fitar da shi daga unguwar. Ni da shi muka sa hannu, mai unguwa da liman suka sa a matsayin shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Lauyoyi suka kai wa kotu, aka rufe ƙarar a kanta. Na ɗora bulo uku a kan katangar gaba ɗaya, na kuma ce wa yaran layin duk wanda ƙwallonsa ta faɗo ya buga ƙofa, ko ƙarfe nawa ne za a miƙo masa.

Ga wanda karensa bai taɓa cizo ba tukuna, takarda ɗaya ce ta fi yi min aiki a duk wannan tafiya, wato katin rigakafi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, sannan a maimaita duk shekara, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, likitocin dabbobi sukan fito su yi kyauta ko da rahusa. Ka duba a katin akwai kwanan wata, lambar kwalbar maganin da sa hannun likita. Nawa yana cikin leda tare da takardun fili, na kuma ɗauki hotonsa a waya. Na Duna na bana zai ƙare a watan gobe, na riga na yi magana da likita zai zo ranar Asabar bayan ya duba kaji.